Baƙon Apakuki Mai Cin Rana

Duk wanda ya tashi a Nasauvo, can bakin teku a tsibirin Kadavu, ya san gidan Apakuki, don shi ne gidan da ba shi da ƙyaure. Ba wai ba a taɓa sa masa ba. An sa, mai kyau ma, na katako, shuɗi. Wani ɗan'uwansa ne da zai yi aure ya zo ya zauna a tabarma, ya sunkuyar da kai ya ce "kerekere". Shi ke nan, Apakuki ya tashi ya kwance masa ƙyauren da hannunsa, har ya taya shi ɗauka.

A wajenmu in ɗan'uwa ya ce maka kerekere, wato ya roƙi abin hannunka, ba a hana shi. Haka muka tarar. Amma fa kowa da dabararsa. Wani ya ce injin ya lalace, wani ya ce na surukinsa ne, wani kuma tun ya hango mai roƙo daga nesa zai cusa abin a ƙarƙashin gado. Apakuki ne kaɗai Allah ya halitta babu dabara ko ta sisin kwabo. Tun yana yaro, in aka aike shi da kifi, kafin ya isa gida sai igiya.

Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Suva, babban birninmu, yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa. Ya dawo da injin kwalekwale sabo fil, da rediyo, da akwati cike da riguna. Kafin Kirsimeti saura akwatin, ba komai a ciki. Bayan sabuwar shekara akwatin ma ya bi sahu. Matarsa Salanieta, mace mai jiki da murya, da ta ga haka sai ta kwashe tukwanenta ta kai gidan yayarta. Kowace safiya sai ka gan ta tana tafe tana mita, za ta aron tukunyarta.

Abu ɗaya ne a gidan nan da ba wanda ya taɓa roƙa. 'Yarsu tilo, Torika, zazzaɓi ya ɗauke ta tun ba ta gama firamare ba, aka binne ta a gefen gida, ƙarƙashin bishiyar fure, aka yi wa kabarin siminti da farin fenti. Shekaru sun ja, amma har yau Baban Torika ake kiransa, kuma har yau kafin ya sha shayin safe sai ya share wurin. Matsalar ita ce gidansu ne na ƙarshe ta wajen teku. Da can sai ka yi 'yar tafiya kafin ka taka ruwa. Yanzu kuwa in teku ta yi babbar cikowa har simintin take lasa. Ya jera duwatsu ta kwashe, ya ƙara jerawa ta ƙara kwashewa.

"Har teku ta gane kai ne," in ji Salanieta. "Ita ma kerekere take yi maka."

Ya yi dariya don kada ta ga abin ya taɓa shi, amma ya taɓa shi. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron wata safiya ya fito da tsintsiya ya tarar babu abin sharewa.

Ana nan annoba ta zo ta rufe otal-otal, samarinmu duka suka dawo gida suna zaman kashe wando. Sai rediyo ta ce gwamnati ta saki kuɗi don farfaɗo da ƙasa, kuma an ware wani kaso don binciken teku da gaɓa da sauyin yanayi. Kai, murna a garin nan! Wannan ya ce raga za a raba, wancan ya ce injuna. Da kwalekwalen gwamnati ya iso, abin da ya fito daga ciki wata siririyar mata ce mai tabarau, Dakta Premila, da dogon ƙarfe, da wani akwati mai 'yar fitila koriya, da batir, da farantin sola.

Matar ta san ya kamata. Ta cire hula tun daga bakin ruwa, ta kai wa mai gari, Ratu Nemani, gaisuwar saiwar yangona kamar yadda kowane baƙo yake yi, aka daka aka dama aka sha. Sannan ta yi bayani dalla-dalla. Za a kafa na'urar a ƙarshen gadar da kwalekwale ke tsayawa, ta riƙa auna tsayin teku shekara guda cur ba yankewa. Da wannan awon ne za a yanke hukunci a Suva: ko a gina mana katangar tare teku mu zauna inda muke, ko a tayar da garin zuwa kan tudu. In awon ya yanke, musamman lokacin babbar cikowa, to shekarar ta tafi a banza, sai wani garin ya shiga gabanmu. Tana son mutum guda mai amana da zai riƙa lura da ita.

"Apakuki!" in ji gari duka, baki ɗaya.

Dakta Premila har da dafa ƙirji. Ta ce ta zaga ƙauyuka da yawa, ba ta taɓa ganin inda jama'a suka yarda da mutum haka ba. Baiwar Allah! Wace yarda? Batir ɗin suke kallo.

Shi kuwa Apakuki kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, katanga. In aka gina ta, Torika za ta kwanta inda take. Ya karɓi aikin da hannu biyu.

Ko kwalekwalen Dakta bai ɓace wa ido ba sai ga Waisake, taubashinsa, wanda tun suna yara bakinsa bai taɓa barin Apakuki ya huta ba. Ya zauna, ya wani marairaice.

"Ma'aikacin gwamnati, ranka ya daɗe. Kerekere, batir ɗin nan na yini ɗaya. Yaranmu na buga ƙwallon zari-ruga gobe, talabijin ɗina kuma ba wuta."

Zufa ta karyo wa Apakuki. Bakinsa bai iya hani ba, zuciyarsa kuma ba ta yarda ba. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi bayan gida.

"Taubashi, batir ɗin nan ƙarami ne, bai kai darajarka ba. Ga alade can."

Waisake ya zo neman batir ya tafi yana jan alade. Kafin rana ta faɗi labari ya game gari: ka roƙi na'urar gwamnati, ka samu abin da ya fi ta. Wanda ya roƙi farantin sola ya tafi da raga. Wadda ta roƙi wayar wutar na'urar don shanya ta tafi da kaji. Wani tsoho da ya roƙi ƙarfen duka don ya yi dirkar ɗaki ya tafi da kwat ɗin Apakuki ta zuwa coci, ran Lahadi sai ga mutuminka a sahun gaba cikin rigar ruwa, rana kuwa tsaka.

"Baban Torika, saura ni," in ji Salanieta. "Gobe ni za ka bayar."

"Haba, ke kuwa wa zai roƙa?" Shi a ransa kwantar mata da hankali yake yi. Da ƙoƙon kwakwa ta jefe shi, kuma ba ta kuskure ba.

Da kayan gida suka kusa ƙarewa, tunani ya zo masa, karo na farko a rayuwarsa. Ya je gona ya tono yangonarsa ta ƙarshe, tsohuwa mai kaurin saiwa, ya wanke ta, ya nufi gidan Ratu Nemani. Ya shiga a durƙushe, ya zauna, ya yi tafi, ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, na zo ne a madadin wani baƙo. Ya shigo garinka tuntuni bai gaishe ka ba, ba don raini ba, don ba shi da ƙafa ne. Yana can ƙarshen gada dare da rana yana yi mana aiki. Yana roƙon ka karɓe shi a ƙasarka."

Ratu Nemani tsoho ne da ba abin da yake so a duniya kamar a yi abu bisa ƙa'ida. Ya gyara zama, ya ce lallai an yi sakaci, baƙo a gari ba gaisuwa! Ya karɓi saiwar, ya yi dogon jawabi, aka buga gangar itace, aka dama yangona, aka tafi har ƙarshen gada aka zuba ƙoƙon farko a gindin ƙarfen. Daga ranar na'ura ta zama Baƙon Gari. Wa zai je ya tuɓe wa baƙon mai gari batir? Roƙo ya tsaya cak. Mata suka riƙa rataya masa furanni, masunta in za su wuce sai su ce masa ina kwana. Apakuki ya riƙa goge farantin da gefen zanensa kowace safiya yana jin kansa wani gwanin dabara. Watanni suka yi ta tafiya, fitila koriya shar.

Sai aka kira shi taron bita a Suva, cikin kuɗin shirin. Aka sa shi a ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, ana shan shayi ana ci, ana ci ana shan shayi. Yawancin abin da aka faɗa ya bi ta bayan kunnensa, amma ya riƙe abu biyu. Na farko, na'urar rana take ci, in aka hana ta rana batir ya riƙe ta 'yan kwanaki sannan ta mutu. Na biyu, cikowar da ta fi kowace girma a shekara tana tafe da sabon wata, kuma ita ce aka fi so a auna.

Ranar da ya dawo, tun daga nesa ya hango wani abu a ƙarshen gada da bai bari a can ba. Da kwalekwale ya matso sai ya miƙe tsaye ya ƙura ido. Rumfa ce, sabuwa, mai jinka mai kauri, an ɗaure dirkokinta da igiyar kwakwa an yi mata ado. Wallahi rumfar ta fi gidansa kyau. Baƙo yana ciki a inuwa lumui, an shimfiɗa masa tabarma, an lulluɓe farantin da ƙyalle mai zane don kada ƙura ta hau. Fitilar ta koma ja, tana ƙiftawa da ƙyar.

Gari duka yana bakin gada ana jiransa. An gasa alade a rami, kuma da ganin kunnen ya gane nasa ne. Ga gwaza, ga rogo, ga kifi. Ratu Nemani yana zaune a bakin rumfar sanye da furanni. Waisake ne ya tarye shi, baki har kunne.

"Taubashi, ka ga aiki? Kai da kake mai masauki ka bar baƙo a rana wata da watanni, har mutanen ƙauyen gaba suna yi mana gori. Mun wanke maka kunya. Ka gode mana!"

Apakuki ya durƙusa gaban mai gari, ya yi tafi.

"Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau, Allah ya saka. Sai dai baƙon namu, ai shi... rana yake so."

Ratu Nemani ya yi murmushi irin na manya. "Kowane baƙo haka yake cewa, ɗana. Ka ba shi abinci ya ce ya ƙoshi, ka ba shi inuwa ya ce rana ta fi. Kunya ce."

"Ranka ya daɗe, shi wannan ranar ce abincinsa."

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce Suva ta taɓa masa kai. Waisake ya ce to a ƙara wa baƙo gwaza, ko ya bar cin rana.

"Dubi idonsa," in ji Apakuki, "ya yi ja."

"Hutu ne," in ji mai gari. "Wanda ya daɗe bai yi barci ba, in ya samu inuwa dole ido ya yi ja." Sai ya ga Apakuki bai saki fuska ba, ya ɗan sunkuyo, ya yi maganar a hankali yadda kowa zai ji. "Kerekere, Baban Torika. Ka bar mana rumfar nan."

Mai gari da kansa, a gaban jama'a, da kalmar da Apakuki bai taɓa tsallakewa ba tun da aka haife shi. Kansa har ya fara sunkuyawa da kansa don sabo. Amma daga inda yake durƙushe yana hango gidansa, da bishiyar fure, da farin siminti, da tarkacen da ruwan jiya ya tara a jikinsa ba wanda ya share.

"A'a," in ji Apakuki.

Kalmar ta fito kamar tari. Salanieta ta saki faranti, gwaza ya gangara cikin teku. Kafin kowa ya rufe baki, mutumin nan da ya haura sittin ya tattare zane ya kama dirka ya haye rumfa. Ya hau sama da kan mai gari, abin da ko mahaukaci ba ya yi a garinmu. Ya shiga fizgar jinka yana watsarwa, yana fizga yana cewa "a yi haƙuri", yana watsarwa yana cewa "a gafarce ni". Wani damin ya sauka a cinyar Ratu Nemani. Ya yaye ƙyallen, rana ta faɗa kan faranti. Sannan ya sauko. Mai gari ya tashi ya kaɗe jikinsa ya tafi, jama'a suka bi shi, har da aladen.

Kafin la'asar fitila ta koma koriya. Da sabon wata babbar cikowa ta zo, ta shiga har dandalin coci, na'ura ta auna ta tsaf.

Garin ya juya masa baya. Ba zagi, ba duka, sai dai ba wanda ya ƙara roƙonsa komai. Kaji suka fara taruwa a gidan. Salanieta ta dawo da tukwanenta gida tana waƙar coci, ta ce ashe da rabon ta ga wannan rana. Shi kuwa Apakuki ramewa ya yi. Ya zauna a bakin ƙofa da sabuwar adda a gabansa, a fili, ko wani zai wuce ya yi sha'awa. Ba wanda ya kalla. Kaɗaici ya dame shi fiye da yadda talauci ya taɓa damunsa. Daga baya ya sayo yangona ya je ya ba mai gari haƙuri, aka karɓa, don ba a ƙin karɓa. Ratu Nemani ya ce ya yafe, amma har gobe yana ganin an wulaƙanta baƙo.

Da shekara ta cika Dakta Premila ta dawo. Ta gaida mai gari, aka taru, ta fara da cewa a duk inda aka kafa na'urar nan, ta Nasauvo tana cikin 'yan kaɗan da awonsu bai yanke ba, don haka namu aka fara dubawa. Apakuki ya gyara zama. Sai ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta ce ba za ta ɓoye mana ba. Katanga ba za ta yi ba. Awon ya nuna ruwan yana hawa fiye da yadda aka zata, ƙasar garin kuma yashi ce, ko an tare shi ta gaba zai ɓullo ta ƙasa. An amince a tayar da garin zuwa kan tudu. Kuɗin zai gina gidaje, da coci, da tankin ruwa.

Waisake ne ya fara magana, don shi bakinsa ba ya jure shiru.

"To, taubashi, madalla da baƙonka. Ya sha yangonarmu, ya ci ranarmu, yanzu ya ce mu tashi mu ba shi wuri."

Wasu suka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Apakuki ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Dakta, kaburbura fa?"

Ta ce ta nema, ta ƙara nema, amma ba sa cikin abin da aka ware wa kuɗi. Ta ce ta yi baƙin ciki, kuma da gani ba faɗa kawai take yi ba.

Washegari da safe ya share kabarin kamar kullum, ya daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu. Ya duba tudun, hanya ce mai tsayi da santsi, kuma ya san bayansa ba zai iya fasa siminti ba, balle ɗauka. Ya ajiye tsintsiyar ya bi ta tsakiyar gari har gidan Waisake. Ya tarar da shi yana gyaran raga, ragar da shi ma ya gane ta. Bai shiga ba. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"A'a, ma'aikacin gwamnati da sassafe! In aladenka ka biyo, mun cinye," in ji Waisake.

"Kerekere, taubashi."

Waisake ya buɗe baki zai ƙara wata, sai ya ga fuskarsa. Ya ajiye ragar a hankali.

"Ka taya ni ɗaukar Torika. Ba zan iya ni kaɗai ba, kuma ba zan hau tudun nan in bar ta a ruwa ba."

Waisake ya miƙe tsaye. Ya shiga ɗaki ya fito da diga da shebur, ya tsaya a tsakar gida ya ƙwala wa 'ya'yansa kira. Suna tafe mutane suna leƙowa, wanda ya ga digar ya ga inda aka nufa sai ya koma ya ɗauko tasa. Da suka iso gindin bishiyar fure, Salanieta tana zaune a gefen simintin, ta riga ta shimfiɗa sabuwar tabarma da ta saƙa da hannunta. Ta ɗago ta dubi mazan da suka cika mata gida.

"Ku yi a hankali," ta ce. "Ba ta da nauyi."